Ba Duk Mai Gudu Da Asuba Ne Ɓarawo Ba



'Yan uwana mazauna Kurmi, na Ikko da na Badun da na Shagamu da na Fatakwal da sauran zangunanmu, ina yi mana fatan alheri, da fatan ana cin kasuwa lafiya. Yau ba maganar siyasa zan yi ba, ba kuma ta tsadar kayan gwari ba. Maganar gudu zan yi. Na san da jin haka wani zai ce lalle Malam ya rasa abin faɗa, ana fama da kuɗin haya da na makarantar yara shi kuma yana zancen guje-guje. To a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, domin abin da ya sa na ɗauki alƙalami saura ƙiris ya ci ran ɗan mutane.

Akwai wani yaro a unguwarmu nan Agege, ɗan wani aminina ne da muka tashi tare a gida, mahaifinsa ya damƙa mini amanarsa lokacin da ya zo ci-rani. Shekarunsa ba su kai 25 ba. Acaɓa ya fara yi, to da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, ciki har da Ikeja inda yake samun fasinja, sai ya sayar da babur ɗin ya koma turin kurar ruwa. Yaro ne natsattse, ba ya shan komai, ba ya rasa jam'i. Abu guda ne ya bambanta shi da sa'o'insa, wato Allah Ya jarrabe shi da son gudu. Da an sallame sallar asuba zai ɗaura takalminsa ya kama titi, ya yi awa guda ko fiye, ya dawo ya watsa ruwa, sannan ya ɗauki kurarsa. Burinsa ya shiga babban tseren nan na Legas ya fito cikin 'yan gaba a rukunin 'yan gida.

Wata safiya, gari bai gama wayewa ba, ya ratsa ta wani layi da bai saba bi ba. Wani ya hango Bahaushe a guje cikin duhu, sai ya ƙwala ihun “Ole! Ole!” Duk wanda ya zauna Ikko ya san abin da ke biyo bayan wannan kalma. Kafin yaro ya gane da shi ake, an tare shi gaba da baya, an fara sauke masa gora da katako, wani har ya fara cigiyar taya. Allah ne Ya kawo wata dattijuwa Bayarabiya mai suyar ƙosai, wadda yake kai wa ruwa kullum, ta kutsa cikin mutane ta rungume shi tana rantsuwa ta san shi. Da aka kira ni na tarar da shi zaune a ƙasa, kai a fashe, jini ya jiƙa rigar, abin da kawai yake maimaitawa shi ne: “Kawu, wallahi ban ɗauki kayan kowa ba, atisaye nake yi.” Sai da aka yi masa ɗinki a kai, ya yi mako 3 bai tura kura ba.

Dukan ya ba ni haushi, amma wallahi abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da na ji a majalisarmu da yamma. Maimakon jaje, wani dattijo da nake ganin girmansa cewa ya yi: “To wa ya aike shi? Namiji da hankalinsa ya kama gudu ba abin da ya koro shi?” Aka kwashe da dariya. Na ce: “Alhaji, Allah Ya ba ka haƙuri, da ƙwallo aka gan shi yana bugawa ai ba za ka faɗi haka ba.” Ya ce ƙwallo daban, ita ana samun kuɗi. Wannan amsa tasa ce ta hana ni barci, kuma ita ce nake so mu tattauna, domin ra'ayina shi ne mun yi kuskure, kuma kuskuren namu ne kafin ya zama na masu masaukinmu.

Mu ne fa jikokin masu ƙafa

Abin mamaki ne a ce Bahaushe ne ke yi wa mai gudu dariya. Kakanninmu fatake da ƙafa suke tashi daga Kano su je Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, su dawo da ƙafa. Kafin layin dogo ya isa Kano a 1911, da ƙafa ake koro shanu daga Arewa zuwa Kurmi, kuma ko bayan zuwan jirgin an daɗe ana yi. Wannan zama da muke yi a Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, da nan Agege, asalinsa goro ne da shanu, asalin goro da shanu kuwa ƙafa ce. Ku dubi zagagen sarki ranar hawan sallah, doki na sukuwa suna biye a ƙasa. Ku tuna 'yan farauta da ke wuni suna bin zomo, har Hausawa suka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ko a yau, wa ke ɗaukar kwandon tumatir a Mile 12 tun asuba har azahar? Wa ke tura kura mai jarka 10 ko 12 yana hawa gangara da ita? Yaranmu ne. Juriyar tana nan, ba ta je ko'ina ba, mun dai bar ta tana ƙarewa a dako.

Kuma kada a ɗauka ba mu taɓa yin fice a wannan fage ba. A 1990, a nan Legas, Abbas Mohammed ya gama gudun famfalaki, wato gudun yada-ƙanin-wani mai tsawon kilomita 42 da mita 195, cikin awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6. Wannan lokaci ya zama tarihin Najeriya, kuma ya shekara sama da 30 ba a samu ɗan ƙasa da ya karya shi ba. Shi da Yohanna Waziri sun wakilci Najeriya a wannan gudu a wasannin Olamfik na birnin Seoul a 1988. Mu nawa ne a majalisunmu muka taɓa jin sunayensu? Amma tambayi ƙaramin yaro a zango 'yan wasan Arsenal ko Barcelona, zai jero maka su har da na benci.

Tseren yana wucewa ta ƙofar gidanmu

A watan Fabrairun 2016, zamanin gwamna Akinwunmi Ambode, aka fara babban tseren birnin Legas wanda bankin Access ke ɗaukar nauyi. A shekarunsa na farko daga babban filin wasa na Surulere ake tashi, a hau gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, a ƙare a Eko Atlantic, wanda ya zo na ɗaya ya karɓi dala 50,000. Kafin shi an yi tseren hawan dutsen Obudu a jihar Kuros Riba, wanda aka fara a 2005 zamanin gwamna Donald Duke, shi ma da kyautar dala 50,000. A 2013 kuma aka fara tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo, kusa da Auchi. Ka ga ke nan duk a Kudu ake yin su, a garuruwan da muke zaune ko maƙwabtansu.

To su wa ke kwashe kuɗin? 'Yan Kenya da 'yan Habasha, kusan kowace shekara. A rukunin 'yan gida kuwa, da ake ware wa tasu kyautar da naira, 'yan jihar Filato ne suka riƙe wuta, irin su Iliya Pam da Emmanuel Gyang da Deborah Pam. Waɗannan mutane da Hausa za ka yi magana da su. Su sun ɗauki abin sana'a, iyayensu da garuruwansu sun san da zamansu. Mu kuwa rawar da muke takawa ranar tsere ita ce mu tsaya bakin hanya muna tsaki an rufe titi an hana mu zuwa kasuwa, ko mu sayar wa 'yan kallo ruwan leda da rake. Ba na raina sana'a, ni ma da ita na ci na sha. Tambayata ita ce, me ya sa kullum muna gefen titi, ba ma tsakiyarsa?

Abin da gudun nan yake buƙata

Masu dariya suna ɗauka gudu kawai ne, ka zura da ƙafa har ka gaji. Da na zauna da yaron nan, na kuma bi diddigin yadda gwanayen abin ke yi, sai na tarar ilimi ne mai zaman kansa. Bari in ɗan ba mu lissafi don mu san girman aikin. Wanda ya yi lokacin Abbas Mohammed yana cin kowace kilomita cikin kimanin minti 3 da daƙiƙa 14, sau 42 a jere ba tsayawa. Kelvin Kiptum na Kenya, wanda ya rasu a hatsarin mota a 2024, ya yi awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago a 2023, wato kowace kilomita cikin minti 2 da daƙiƙa 51. Duk mai shakka ya auna kilomita ɗaya tak a unguwarsu ya gwada yin ta a minti 3, gani ya kori ji.

Ba a kai wa nan da ƙarfin tuwo kaɗai. Manyan 'yan tseren Kenya kan yi kilomita 160 zuwa 200 a mako. Amma abin da zai ba ka mamaki, mafi yawan wannan gudu a hankali ake yin sa, irin wanda mutum zai iya hira da abokinsa yana yi. Shi ne ke gina zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu, ya kuma ƙarfafa jijiyoyi da ƙasusuwa. Ranaku 2 ko 3 kawai a mako ake yin mai tsanani. A sansanin Eliud Kipchoge da ke Kaptagat, ƙarƙashin mai horar da shi Patrick Sang, tsarin sananne ne: Talata a shiga fili a yi gudu mai sauri ana maimaitawa ana ɗan hutawa, Alhamis a yi dogon zango na kilomita 30 zuwa 40, Asabar a yi gudun sauri da sassauci a jere, sauran ranakun a sassauta. Kuma mutumin da ya ci zinare a Olamfik na 2016 da na Tokyo yana shara da wanke-wanke a sansanin kamar kowa, yana rubuta kowane atisaye a littafi.

Kuskuren yaronmu na farko shi ne kullum da iya ƙarfinsa yake fita, ba ranar sassauci, ba ranar hutu, sannan ya wuni yana tura kura. Wannan hanya ce ta ciwon gwiwa da tsagewar ƙashin ƙwauri. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, kuma a wannan fage gaskiya ce tsantsa: kaɗan-kaɗan ake ƙara nisa mako bayan mako, kuma a lokacin barci da hutu ne jiki ke gina abin da atisaye ya rusa. Na biyu, abinci. Jiki na ajiye makamashi a tsoka da hanta, kuma wannan ajiya kan ƙare wajen kilomita 30, shi ya sa za ka ga ƙato ya taho da ƙarfinsa, a nan sai ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Abincin 'yan Kenya ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: ugali, wanda tuwon masara ne sak, da ganye da wake da shayi mai madara. Ashe ba abin da suke ci da babu shi a zango. Bambancin shi ne su suna ƙoshi, namu kuwa da gari da ƙuli yake karyawa don ya tara abin aikawa gida.

Na uku, wuri. Garin Iten na Kenya yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400 daga teku. A irin wannan tsayi iskar da mutum ke shaƙa ba ta ƙosar da jiki, sai jikin ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, in mutum ya sauko ƙasa sai ya ji kamar an ƙara masa huhu. Jos tana wajen mita 1,200, tsaunin Mambila ya fi ta, wannan na cikin dalilan da suka sa 'yan Filato ke gaba. Ikko kuwa a bakin teku take, ga zafi ga laima, gumi ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki, ga hayaƙin danfo da tirela da zarar gari ya waye. To ka ji dalilin da ya sa mai atisaye a nan dole ya fita da duku-duku. Ba rashin gaskiya ba ne, Alhaji, lalura ce.

Duk da waɗannan matsaloli, na tsaya da agogona na ga yaron nan ya yi kilomita 10 cikin minti 33, da takalmin gwanjo, ba koci, ba komai. Masu cin Okpekpe kan yi ta tsakanin minti 28 zuwa 30. Tazarar tana da yawa, ba zan ruɗe shi ba, ba kuma zan ruɗe ku ba. Amma wanda ya kai nan shi kaɗai, ina zai kai in an riƙa masa?

Hujjojin masu ƙi

Don adalci, bari in kawo abin da masu suka ke faɗa, domin ba duka ne shirme ba.

Na farko sun ce addini, wai gajeren wando tsiraici ne. Gaskiya ne al'aurar namiji daga cibiya ne zuwa gwiwa, kuma ba na goyon bayan yaro ya fita da ɗan kamfai. Amma wa ya ce dole sai da shi? Akwai wando mai sauƙi da ke rufe gwiwa, ba kuma wanda zai hana ka shiga tseren titi don ka sa shi. Shi kansa gudun kuwa, malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, kuma cikin sahabbai akwai Salamatu ɗan Akwa'u wanda ya shahara da gudun ƙafa, har ya bi mahara shi kaɗai a ƙasa suna kan dawaki. A zamaninmu ma Musulmi sun yi fice: Hicham El Guerrouj na Maroko ya ci zinare 2 a Olamfik na 2004, Mo Farah na Birtaniya ya ci 2 a 2012 ya sake cin 2 a 2016, Sifan Hassan ta ci gudun famfalaki na mata a Paris a 2024 ta kuma karɓi lambarta da lulluɓi a kanta. Sannan a gaya mini, tsakanin yaron da ke kwanciya ƙarfe 9 don ya tashi asuba, da wanda ke raba dare a gidan kallon ƙwallo ko shagon caca, wanne ya fi kusa da abin da addini ke so?

Na biyu sun ce ba abinci a ciki, mun zo Kurmi nema ne ba wasa ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ina girmama ta. Gaskiya ne cikin yara 100 da za su fara, da wuya a samu ƙalilan da za su ci abinci da gudu kaɗai. Duk wanda ya ce wa yaro ya ajiye sana'arsa ya kama gudu, ya cuce shi. Amma haka ƙwallon ma take, nawa ne cikin masu buga ta a filayen unguwa suka je Turai? Bayan haka ba kyautar tsere ce kaɗai riba ba. Soja da 'yan sanda da kwastan da sauran hukumomi masu kaki suna da ƙungiyoyin wasanni, kuma 'yan wasa da dama ta nan suka samu aiki. Jihohi na neman masu wakiltarsu a gasar wasanni ta ƙasa. Wanda kuma bai samu ko ɗaya ba ya samu lafiya da tarbiyya. Mu dubi kanmu mu 'yan kasuwa, daga shago sai mota sai tabarma, mutum nawa ne a majalisarmu ba ya shan maganin hawan jini ko na suga? Mu da likita ke roƙo mu riƙa tattaki, mu ne ke yi wa mai gudu dariya.

Na uku sun ce harkar ta lalace da ƙwaya. Akwai gaskiya a nan ma. Abraham Kiptum, ɗan Kenyan da ya ci tseren Legas a 2016 da 2017, an dakatar da shi shekara 4 a 2019 bayan gwajin jininsa ya nuna alamun maguɗi. Mu kuma muna da tamu annobar, kowa ya san yadda tramadol ta yi wa 'yan dako da 'yan acaɓa illa da sunan ƙarin ƙarfi. To yaranmu su sani, tun daga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta tramadol a lokacin gasa. Ni a ganina wannan hujja ce ta a jawo yaran a jiki, domin yaron da ke da manya a kansa, ya san za a iya gwada fitsarinsa, ya fi wanda aka sake wa duniya nisa da ƙwaya.

Na huɗu sun ce hatsari, ga shi nan an kusa kashe shi. To wannan ita ce ta dawo da mu farkon magana. Me ya sa aka yi masa ihun ɓarawo? Ba na wanke waɗanda suka dake shi, ɗaukar doka a hannu zalunci ne ko a kan wa aka yi, kuma da ɓarawon ne ma hukuma ce ke da shi. Amma mu tambayi kanmu, sau nawa mutanen layin nan suka taɓa ganin Bahaushe cikin kayan wasanni yana atisaye? Ranar Asabar da safe Yarbawa da Ibo, maza da mata, ma'aikatan banki da 'yan kasuwa, cike suke da titi suna motsa jiki cikin ƙungiya da riguna iri ɗaya, ba mai ce musu kanzil. Namu shi kaɗai ne, cikin duhu, da tsohuwar riga, domin yana ɓoye wa mutanensa kada su yi masa dariya. Dariyarmu ce ta tura shi layin da ba a san shi ba.

Abin da nake ganin ya kamata mu yi

Ba na cikin masu cewa gwamnati ta zo ta yi mana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwanmu suna da yawa, kuma abin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba.

Da farko, kowane zango ya san yaransa masu wannan sha'awa, a haɗa su wuri guda su riƙa fita tare. A ɗinka musu riga iri ɗaya mai haske da sunan unguwa a jiki, kowa ya riƙe katin shaida. Sarkin Hausawa ko wakilinsa ya ɗauke su ya gabatar da su ga Baale da shugabannin unguwa da 'yan sintiri da ofishin 'yan sanda mafi kusa, a ce ga yaranmu, ga hanyar da suke bi, ga lokacin. Wannan ba ya cin ko sisi, kuma da an yi shi tun farko da ba a fasa kan ɗan aminina ba. In da hali su shiga ƙungiyoyin masu gudu na 'yan gari, domin wanda kuka yi gumi tare ba zai yi maka ihun ɓarawo ba.

Na biyu, a buɗe ɗan asusu. Muna tara kuɗi don maulidi da walima da tarbar 'yan siyasa, ba za mu gaza sayen takalmi ba. Takalmin gudu yana da iyakar nisan da yake ɗauka kafin ƙasansa ya mutu, kuma mataccen takalmi shi ne uban ciwon gwiwa. Mahautanmu da masu shayi da masu kayan gwari kowa na iya ɗaukar nauyin karin kumallon yaro ɗaya.

Na uku, kafin yaro ya fara atisaye mai tsanani a kai shi asibiti a duba zuciyarsa da jininsa, musamman a san ko yana da sikila ko yana ɗauke da ita, domin gudu cikin zafi da ƙishirwa na iya yi wa irinsu mummunar illa. Da azumi a rage nisa, a mayar da atisayen bayan shan ruwa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, kada wanda bai yi watanni yana shiri ba ya ce zai shiga kilomita 42 don ya ji ana rabon kuɗi. A fara da 5, a je 10, a je 21.

Na huɗu, mu shirya namu tseren. Kilomita 5 kawai, washegarin sallah, da izinin hukuma, a gayyaci 'ya'yan masu masaukinmu su shiga, Sarki ya miƙa kyauta, ko buhun shinkafa ne ko keken ɗinki. A nan za a gane masu baiwa, sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanda ya yi fice a nema masa koci, a tura shi Jos ko Pankshin ya yi wata 2 ko 3 cikin gwanaye kafin babban tsere, a riƙe masa kurarsa ko teburinsa har ya dawo. Maganar 'ya'ya mata kuwa na bar wa iyaye da malamai, amma ko ba komai suna da haƙƙin a sama musu killataccen wuri su motsa jiki.

Daga ƙarshe

Bayan an warware masa ɗinki na kira yaron na ce: “Ɗana, ko za ka haƙura da gudun nan? Amana ce kai a hannuna, ban san abin da zan faɗa wa mahaifinka ba in wani abu ya same ka.” Ya sunkuyar da kai ya ce: “Kawu, in ka ce in bari zan bari. Amma tunda na zo garin nan, lokacin da nake gudu ne kaɗai ba wanda ke kira na aboki.” Duk wanda ya zauna Kurmi ya san nauyin wannan kalma a bakin masu faɗarta. Na rasa abin da zan ce masa. Na buga wa mahaifinsa waya na faɗa masa komai, ya ce in dai ba saɓon Allah ba ne a bar shi, ya sa masa albarka.

Yanzu su 4 ne suke fita, na kai su wajen shugaban 'yan sintiri da kaina, na kuma je na yi wa dattijuwar nan mai ƙosai godiya da ɗan abin da ya sawwaƙa, Allah Ya saka mata da alheri. Alhajin da ya yi dariya har yanzu bai sauya ra'ayi ba, yana nan yana cewa aikin banza ne, kuma ban fasa gaishe shi ba. Ban sani ba ko yaron zai taɓa cin kyauta. Abin da na sani shi ne akwai irinsa a Idi-Araba da Alaba Rago da Sabo da sauran zangunanmu, suna fita a ɓoye cikin duhu, kowannensu ihu ɗaya ne tsakaninsa da taya. Ina roƙon sarakunanmu da limamanmu da shugabannin kasuwa su neme su tun kafin a kira mu ɗaukar gawa.

Abin da na faɗa daidai Allah Ya ba mu ladan, inda na yi kuskure Ya yafe mini, wanda kuma maganata ta ɓata wa rai ya yi haƙuri. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya mayar da kowa gida lafiya. Amin.

Wassalam.

Naku, daga Agege, Ikko.